Mai Gishiri da Lasifikarsa

Akwai wani mutum mai tallar kayan miya a kan keke. Gishiri ne babban kayansa, shi ya sa ko'ina ake ce masa Mai Gishiri, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Amma a cikin akwatin da yake ɗaurewa a bayan keken akwai kanwa da daddawa da busasshen kifi, ga kuma jarkar manja rataye a gefe. Ƙauyuka huɗu yake zagayawa, lungu lungu, yana kiran kayansa da bakinsa, mata kuwa suna tsai da shi daga cikin gidajensu. Da wannan sana'a yake ci da matarsa Afiniki da 'ya'yansu. Ba su yi arziki ba, amma asirinsu a rufe yake.

Ana nan sai zamani ya juya, tsada ta sauko wa ƙasar. Abin da ya saro yau, in ya koma jibi sai ya tarar ya ƙara kuɗi. Matan da suke sayen gishiri kwano guda suka koma sayen ɗan ƙulli. Jarinsa ya dinga narkewa kamar sabulun da aka manta a cikin ruwa.

Wata ranar kasuwa da ya je sari, sai ya ga abin da ya tsai da shi. Masu talla da yawa sun daina buɗe baki. Kowa ya sayi 'yar lasifika mai batir, irin wadda take ɗaukar muryar mutum ta yi ta maimaitawa, ya rataye ta a jikin rumfarsa, ya harɗe ƙafa. Wani abokinsa mai sayar da takalman roba ya hango shi, ya yi dariya.

"Mai Gishiri, har yanzu da maƙogwaro kake talla? Kai da zakara ba a san wanda ya fi wahala ba."

"Maƙogwaron nan ne ya aurar da ƙannena biyu," in ji shi.

"A da ke nan. Yanzu mai kuɗi ya yi nisa, sai da babbar murya ake kamo shi. Dubi wannan, ba ta gajiya, ba ta mura, ba ta neman ruwan sha."

Mutumin ya koma gida maganar tana yi masa yawo a ka. Ya sami matarsa tana tankaɗe, ya ce mata yana so ya sayar da akuya ya sayi lasifika.

Afiniki ta ajiye rariya. "Akuyar da take da ciki, Baban Habila?"

"Ita. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"To, kai ne maigida. Allah ya sa alheri ne. Amma ni dai ban taɓa jin wata ta ce muryarka ta yi mata kaɗan ba."

Aka sayar da akuya, aka sayo lasifika. Ya tsaya a tsakar gida ya gyara murya, ya faɗa wa lasifikar, "Ga gishiri, ga kanwa, ga manja, ga kifi!" Da ya danna, sai ga muryarsa ta fito ta cika gidan, har kaji suka watse. Ya ɗaure ta a kan ƙahon keke, daidai gaban fuskarsa.

Da farko abin ya yi masa daɗi. A da ba ya iya taka keke da ƙarfi, gama mai kiran kaya yana bukatar numfashinsa. Yanzu kuwa numfashin duka ya koma ƙafa. Ya ce a ransa, tun da ga sauƙi ya samu, bari ya ƙara ƙauyuka uku a kan huɗun. Sai ya dinga ratsa lunguna a guje don ya cim musu duka kafin rana ta faɗi, lasifika tana ta ihu a gabansa, shi kuwa bakinsa a rufe, zuciyarsa tana can wajen masarar da ta rage a rumbu, da takin da bai saya ba, da takalmin makarantar yara da ya tsinke.

Amma ciniki bai ƙaru ba, sai ma ya ragu. In ba wadda ya tarar tsaye a bakin hanya ba, babu mai tsai da shi. Ya ƙara wa lasifikar ƙara har ƙarshenta, bai ga canji ba. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi, har aka yi wata. Kifi ya fara ƙwari a cikin akwati.

Ran nan ya dawo da kayansa kusan yadda ya fita da su, ya jingine keke, ya zauna a kan turmi.

"Afiniki, sana'ar nan ta mutu. Ƙauye bakwai, babu mai kirana. Babu kuɗi a hannun kowa. Ran Asabar zan kai keken nan kasuwa, in yi kuɗin mota, in tafi wajen haƙar ma'adinai."

Matar ta dafe ƙirji. "Ramin da ya rufta da mijin maƙwabciyarmu Briskila bara?"

"Ba kowa yake ruftawa da shi ba."

"Ita ma haka mijinta ya ce mata."

Ya tashi ya shige ɗaki. Ba ta bi shi ba, gama ta san ya riga ya yanke shawara.

Ran Alhamis da yamma batirin lasifika ya mutu. Kwana takwas ke nan ba a kawo wuta a garinsu ba. Ya kai ta wurin mai caji, ya tarar da shago a kulle, maƙwabcin shagon ya ce mai cajin ya kashe injinsa, fetur ya fi ƙarfinsa. Mai Gishiri ya dawo da ita a hannu kamar matacciyar kaza.

Da gari ya waye, Juma'a ke nan, ya ce ko ba komai bari ya fita ya rage kifin kafin ya lalace, tun da gobe keken zai bar hannunsa. Ya jefa lasifikar a cikin buhu, ya kama hanya.

Da ya shiga ƙauye na fari ya buɗe baki zai yi kira, sai muryar ta fito a shaƙe, gama ta kwana biyu ba ta yi aiki ba. Kunya ta kama shi. Ya ga ba zai iya taka keke yana kira ba, sai ya sauka yana turawa. Ya ce, "Ga gishiri, ga kanwa," numfashi ya ƙare masa, ya yi shiru don ya haɗiye yawu.

A cikin shirun nan sai ya ji wata 'yar murya daga bayan zana, ƙasa ƙasa.

"Mai Gishiri."

Ya tsaya. Wata tsohuwa ce da ake kira Kaka Tani, wadda ta daɗe tana sayen kayansa. Ta fito a hankali tana dafa bango, hannunta ɗaya a cikin zane.

"Ashe kana da kunne," in ji ta.

Ya rusuna. "Ina kwana, Kaka? Kwana biyu. Na ce ko kin yi tafiya ne."

"Tafiya zuwa ina, da waɗannan gwiwoyin? Ina nan. Kullum ka zo sai na kira ka. Kai kuwa ka wuce fuu kamar wanda kare ya biyo, wannan abin yana ta ihu a gabanka. Kafin in lalubo takalmina ka kai bakin rafi."

"Wallahi ban ji ba, Kaka. Ai da kin ɗaga murya."

"Da wa zan yi gasar ihu, da ƙarfe?" Ta matso kusa, ta rage murya. "Kuma in ɗaga murya in ce me, ɗana? In ce gishirin ƙulli ɗaya nake so, ba kuma kuɗi ne a hannuna ba?" Ta fito da hannunta daga cikin zane, sai ga ƙwai biyu. "Duk unguwa ta ji? Da can da muke sayen kwano, ai da ƙarfi muke kira, har da yanga, don maƙwabta su san za a yi miya mai kyau. Yanzu kowace mace a hankali take kira. Wadda take da kaɗan ba ta son a ji ta."

Mutumin ya tsaya riƙe da keke, yana duban ƙwan nan biyu.

"Ba ni kaɗai ba ce," in ji tsohuwar. "Matar mai wa'azi ta kira ka, surukata ta kira ka. Har an fara cewa ka yi girma, ka bar mu, sai masu manyan kuɗi kake nema. Na ce musu a'a, yaron nan ba girman kai ne da shi ba, kurumta ce ya saya da kuɗinsa."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi ƙwan nan biyu, ya sa su a cikin hularsa don kada su fashe, ya ƙulla mata gishiri, ya ɗora mata ɗan kifi a kai.

Daga nan bai sake hawa keken a cikin gari ba. Ya yi kira, ya yi shiru, ya taka kaɗan, ya sake kira, ya sake yin shiru. Sai ga muryoyi suna fitowa, wata daga madafa, wata daga bayan rumbu, wata ma ba kira ta yi ba, gyaran murya kawai ta yi a zaure. Wata ta kawo 'yan canji a ƙulle a bakin zane, wata ta kawo gwangwanin gyaɗa, wata ta ce ya zuba mata manja cokali uku. Ƙauye uku kaɗai ya iya zagayawa ran nan. A na ukun ma ya tarar wata mai talla a faranti ta riga ta kwashe masa rabin masu saye, gama wata guda ba kwana ɗaya ba ne. Duk da haka, da la'asar ta yi, akwatin ya yi sauƙin da ya daɗe bai yi ba.

Da ya iso gida Afiniki ta dubi ƙahon keke, ta dubi hularsa da ke hannunsa.

"Yau kuma ƙwai ka koma sayarwa?"

"Ki soya wa yara."

Ta karɓa. "Gobe Asabar fa, Baban Habila."

"Na sani. Zan je sari. Gishiri ya ƙare."

Ta juya da sauri ta shiga madafa don kada ya ga fuskarta. Daga can ciki ta ce, "Akuyata dai ta tafi a banza."

"Ba a banza ba," in ji shi. "Darasin dai ya yi tsada."

Tsada ba ta sauka ba a shekaran nan, mutumin kuma bai yi arziki ba. Amma bai tafi rami ba. Lasifikar ma bai yar da ita ba. In ya sami caji, yakan kunna ta a bakin gari sau biyu don a san ya iso, sa'an nan ya kashe ta, ya sauka, ya shiga lungu da ƙafa.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai gishirin nan mu ne a kwanakin wahala. Lasifikar kuwa ita ce damuwarmu, wadda take magana da muryarmu, tana maimaita abu ɗaya daga safe har yamma: abinci, kuɗin makaranta, magani, taki. Abubuwan nan gaskiya ne, ba laifi ba ne mu kai su gaban Ubangiji. Amma sau da yawa mukan durƙusa mu zuba masa su a guje, mu ce amin muna neman takalmi, sa'an nan mu ce mun yi ta kira bai amsa ba. Ubangiji ba kurma ba ne, ba kuwa bebe ba ne. Sai dai ba ya gasar ihu da mu. Wanda bai bar wurin shiru a cikin addu'arsa ba, zai wuce amsarsa a hanya, har ya yanke shawarar da za ta kai shi rami, yana cewa an yashe shi.

Ba na'ura ce ta yi laifi ba. Waya da rediyo da sauran kayan zamani suna da ranarsu, muna kuwa gode wa Allah dominsu. Amma abin da ba ya gajiya da magana, mai shi ne zai san lokacin kashe shi.

Ku lura kuma da yadda taimakon ya zo wa mutumin nan. Yana neman mai babban kuɗi a ƙauye na bakwai, ashe abincinsa yana bayan zana a ƙauye na fari, a hannun tsohuwa mai ƙwai biyu. Ita tana bukatarsa, shi ma yana bukatarta, ƙara ce kawai ta raba su. Haka Allah yakan rufa asirin mutanensa a lokacin tsada, wannan ta hannun wancan, kaɗan kaɗan. Amma mai bukata a zamanin nan ba ya ɗaga murya. 'Yar'uwar da ta shigo gidanki ta ce gaisuwa ce kawai ta kawo ta, ta zauna tana murza bakin zanenta, ta ƙi tashi, kira take yi. Yaron da ya ce ya ƙoshi alhali bai ci ba, shi ma kira yake yi. In kanmu ya cika da namu kukan, za mu wuce su, su kuwa su ɗauka girman kai ne.

Saboda haka gobe da safe, in kun gama faɗa wa Ubangiji abin da yake damunku, kada ku yi saurin miƙewa. Ku ɗan zauna tukuna. Allah ya ba mu kunnen ji. Amin.