Sawun Hagu a Gindin Kanya

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso mu ji ta.

Ni Biri mai kyan gashi, duk duniya ba a taɓa zaluntar kowa kamata ba. An raba ni da kanyata.

Kura ce ta ga ƙaton sawu a gindin kanyar, ta ruga tana rantsuwa wai mutum-biri ne, tsawonsa kamar giginya.

Na ce, "Ni ma na gan shi. Kowa ya nisanci bishiyar."

Zomo ya duba ƙasa. "Baba Biri, ai duk sawun hagu ne. Tsalle yake yi?"

Giwa ta ce, "Ko ma mene ne, ya rasa maɓoya." Ta tumɓuke kanyar.

To, ni na sassaƙa ƙafar hagu ta itace na buga sawun, don in sha kanya ni kaɗai. Ta dama ce ƙyuya ta hana ni sassaƙawa.

Ƙurunƙus, ga kan ɓeranku nan.