Tuluna Huɗu na Madugu Tambai

Masu riƙe da labaran mutanen farko sun ce, a wani zamani mai nisa, tun musulunci bai game ƙasa ba, an yi wani sarki mai suna Ranau. Ƙasarsa ƙasar dawa ce. Da ita ake tuwo, da ita ake kunu, da ita kuma mata ke dafa burkutun da ake sha ranar gayya da ranar biki. Sarki Ranau jarumi ne, hannunsa kuma a sake yake, sai dai yana da hali guda: ba ya iya jin an ce wata ƙasa ta fi tasa da wani abu ya zauna lafiya.

Wata shekara, ana tsakiyar bazara, sai ga wani madugu mai suna Tambai ya sauka da raƙuma masu yawa. Ya shigo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya sa aka jera tuluna huɗu a gaban Sarki, kowanne an liƙe bakinsa da kaki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zaga duniya, na zo maka da abin shan sarakunanta. Wannan giyar Misira ce. Wannan ta Habasha. Wannan bammi ne daga ƙasar kurmi. Wannan kuwa daga ƙasar ƙanƙara ta fito, can bayan teku."

Aka buɗe, aka zuba wa Sarki. Ya ga kowace garau, ana hango gindin ƙoƙo ta cikinta. Ya kurɓi wannan, ya kurɓi waccan, sa'an nan ya sa aka kawo burkutun gida, ya dube ta jawur da kauri, sai kunya ta kama shi. Ya ce, "Ashe duk shekarun nan ruwan kwata muke sha! Me ya sa tasu ta fi tamu?"

Tambai ya ce, "Hatsi ne, Zaki. Manyan ƙasashe sha'ir suke shukawa. Na kuwa zo da irinsa, wanda zai ishi ƙasarka. A ba ni dawar da ke rumbuna, in ba da sha'ir."

Ran nan aka yi shela: bana ba mai shuka dawa, kowa ya kawo irinsa fada a musanya masa, tukwanen masu dafa burkutu kuma a farfasa su. Kafin kwana uku, dawa ta taru a ƙofar fada kamar tsauni, unguwar masu giya kuwa ta cika da fasassun tukwane.

To, Sarki yana da waziri, wani dattijo mai suna Nomau. Shi ya riga ya musulunta a hannun fatake, saboda haka ko ƙanshin giya ba ya so. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, sha'ir hatsin sanyi ne, ba ya jure daminarmu. In ya ƙi, me jama'a za su ci?"

Sarki ya ce, "Waziri, kai da ba ka taɓa kai ƙoƙo baki ba, ina ka san abin da na ɗanɗana?"

Waziri ya ce, "Gaskiya ne, harshena ba shaida ba ne a nan. Amma a ba ni kwana bakwai kafin a ɗora dawar nan a raƙuma. In har daga inda aka ce ne tulunan nan suka fito, ni da kaina zan ɗaura kayan farko."

Sarki ya ce, "Na ba ka. In ka kunyata baƙona a banza, rawaninka ya sauka."

Waziri ya fita bai zarce gida ba, sai zango, inda baƙi ke sauka. Ya yi kwana biyu yana zama da su yana tambaya, har ya sami mutum huɗu: wani Bamisire mai jan raƙuma, da wani Bahabashe mai ɗinkin fata, da wani mutumin kurmi mai sayar da goro, da wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙin jirgin ruwa har ya kai ƙasar ƙanƙara. Daga nan ya wuce gidan Iya Ige, shugabar mata masu dafa burkutu. Ya same ta zaune a tsakiyar fasassun tukwanenta. Ya miƙa mata tafin sha'ir na Tambai, ya ce, "Iya, ke kika san yadda hatsi ke tsiro. Ki jiƙa wannan, ki jiƙa dawa a gefe, ki zo mini da su ranar bakwai."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe. Dama aiki ya ƙare mini, sai zama."

Ranar bakwai da hantsi fada ta cika. Tambai ya kawo sababbin tuluna huɗu, yana ta fara'a. Waziri ya ce wa Sarki, "Zaki, ɗa ya fi kowa sanin abincin gidansu. Ga 'ya'yan uku daga ƙasashen nan, ga kuma wanda ya taɓa zama a ta huɗun. Kowa zai faɗi yadda tasu take, sa'an nan ya ɗanɗana."

Bamisire ya fara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tamu daga gurasa take. A gasa gurasar sha'ir rabin gashi, a marmasa ta a ruwa, a bar ta ta tashi. Fara ce, tana da kauri kamar fura, tana da tsami, talaka ma da ita yake karya kumallo." Aka miƙa masa ƙoƙo. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ce, "Wannan dabino aka jiƙa a ciki. Daɗi kam akwai, amma ba ta taɓa ganin Misira ba."

Bahabashe ya matso. Ya ce, "Tamu baƙa-baƙa ce, don sai an soya hatsin. Akwai wani ganye da muke shanyawa mu daka mu zuba, shi ke ba ta ɗaci mai sauƙi. Tulun kuma sai an turara shi da itacen zaitun." Ya kurɓa, nan take ya yamutsa fuska. "Wannan ɓawon maɗaci ne da zuma. Da uwata ta ga an kira wannan giyar Habasha, da ta bi mai ita da muciya."

Fada ta ɗauki dariya. Sarki bai yi ba.

Tsohon matuƙi ya ce, "Ta ƙasar ƙanƙara launin zinariya gare ta, da farin kumfa a kai mai kaurin yatsa biyu. Da furen wata ciyawa mai yaɗo suke dafa ta, su ajiye ta wata da watanni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ke sa haƙora kaɗawa. Ba ta ƙosar da mai noma, amma ba ta saurin lalacewa." Ya kurɓa, ya girgiza kai. "Babu furen, babu kumfan. An dai tace wani abu sosai."

Shi kuwa mai goro ko karɓar ƙoƙon bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bammi ba dafa shi ake yi ba. Daga jikin bishiya ake tatsarsa. Da safe zaƙi kamar rake, da azahar ya yi ƙarfi, washegari ya zama tsami zalla. Daga garinmu zuwa nan tafiyar wata biyu ce. A tambayi madugu a kan wace iska ya ɗoro shi."

Tambai ya yi murmushin ƙarfin hali, ya ce, "Zaki, waɗannan talakawan ƙasashensu ne. Abin da sarakuna ke sha daban yake, ba su taɓa ganinsa ba. Ni kuma ina da sirrin liƙe tulu, wanda ba kowa ya sani ba."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Wannan ma magana ce. Waziri, in iyakar shaidarka ke nan, ba ta isa ba."

Waziri ya ce, "Saura mutum ɗaya." Ya sa aka kira Iya Ige.

Ta shigo da ƙwarya biyu a rufe, ta ajiye, ta gaida Sarki. Aka ba ta tulun farko ta kurɓa, ta tsaya. Ta karɓi na biyu da sauri, da na uku, da na huɗu. Sai aka ga hawaye na bin kumatunta.

Sarki ya ce, "Lafiya, tsohuwa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tulu huɗu ne, amma tukunya ɗaya ce. Duka dawa ce, kaura, ta gonakin nan namu. An tace ta da ƙyalle har ta yi garau, an sa wa wannan dabino, an sa wa waccan maɗaci. Na kuma san hannun da ya dafa. Ƙanwata ce, Tasalla. Tun kaka ta tafi cin kasuwar ƙauye ita da mata uku, ba su dawo ba, har mun yi makokinsu."

Tambai ya daka tsawa, "Ƙarya take yi! Haushin tukwanenta take ji!"

Iya Ige ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Zaki, ka sake kurɓa, ka saurari ƙarshen harshenka. Za ka ji kimba kaɗan. A gidanmu ba a sa kimba sai a giyar makoki, haka uwarmu ta koya mana. Tasalla ba ta manta ba. Ta sa ne don in wani namu ya sha ya san tana cikin wahala."

Sarki ya ɗauki ƙoƙo ya kurɓa a hankali. Ya bi tulunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ya ajiye ƙoƙon, ya ce, "Akwai kimba."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, na lura kowane kwana huɗu raƙuman madugu biyu kan fita wajen tsohon kufai na gabas, su dawo da kaya. A aika dogarai su duba. Kafin su dawo, Iya, buɗe ƙoren nan."

Ta buɗe ta farko, ga dawa ta yi tsiro fari fat, saiwa ta sarƙe da saiwa. Ta buɗe ta biyu, sai wari ya bugi na kusa. Sha'ir ɗin ya ruɓe, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsaga ba. Ta ce, "Wannan hatsi ya shekara biyar a ƙalla, ƙwari sun cinye cikinsa. Ko a Misira aka shuka shi ba zai fito ba."

Kowa ya tuna da tsaunin dawar da ke ƙofa, da yadda saura kaɗan ta bi raƙuma. Tambai ya yunƙura zai sulale, dogarai suka danne shi.

Rana ba ta karkata ba sai aka ji guɗa daga ƙofar gabas. Dogarai ne suka dawo da mata huɗu a kan jakuna, ƙafafunsu duk sawun marin ƙarfe, bayansu kuma ga manyan tukwane da ƙyallayen tata. Tasalla ta sauko da ƙyar, ta rame, hayaƙi ya ja mata idanu. Ta hango 'yar'uwarta ta ce, "Yaya, kin ji saƙona?"

Iya Ige ta rungume ta, ta ce, "Na ji, ƙanwata. Kin ma cika kimbar."

Mata suka kece da guɗa, maza suka ɗaga sanduna, makaɗa suka saki ganguna ba wanda ya umarce su.

Sarki Ranau ya miƙe tsaye. Ya ce, "Jama'a, na raina abin gidana, da aka sa masa baƙon suna kuma na yabe shi, na kusa jefa ku cikin yunwa. Laifin nan nawa ne, na kuma janye dokata. Waziri, rawaninka ya zauna, na ƙara maka alkyabbata. Kai kuwa Tambai, raƙumanka za su mayar da dawar nan ƙauye ƙauye, kowa a kai masa tasa har bakin rumbu, kana gaba kana ja. In an gama, za ka yi damina bakwai kana noma gonakin matan nan huɗu, da marin da ka sa musu a ƙafarka."

Ya juya ga Tasalla ya ce, "Ke kuma, roƙi abin da kike so."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji an fasa tukwanen unguwarmu. Wata tun ta kakarmu ce, ba za ta dawo ba. Amma a sa magina su yi mana sababbi."

Sarki ya ce, "Za a yi, kowace mace biyu."

Sa'an nan ya dubi baƙin nan huɗu, fuskarsa ta saki, ya ce, "To, ku da kuka san duniya, ku gaya mini gaskiya. Wace giya ce ta fi?"

Bamisire ya ce tasu, don tana ƙosarwa. Bahabashe ya ce tasu, don ƙanshinta. Mai goro ya ce bammin safe ba shi da na biyu. Tsohon matuƙi ya ce shi duk ya sha, kuma kowace ta fi daɗi a inda aka dafa ta. Gardama ta kaure, har Sarki ya ce Waziri ya raba.

Waziri ya ce, "Zaki, ni dai a kawo mini ruwan randa. Kwana bakwai ke nan ina yawo a rana."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya sa aka kawo wa Waziri ruwa a ƙoƙon azurfa.

Kwana tara aka yi ana rabon iri. Ran na goma hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwan shuka. Da gari ya waye, mutane suka fita gona, sai suka tarar Sarki Ranau ya riga su, ya tuɓe riga, sungumi a hannunsa yana sara, Iya Ige da Tasalla na biye suna jefa dawa suna rufewa da diddige. Shekarar nan an yi amfanin da sai da aka gina sababbin rumbuna a kowane gida.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan na wannan hikaya, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko.