Allon Kitso Marar Fuska

Jama'a, ku matso ku ji wannan.

Akwai wani saurayi mai suna Sha'aibu, ɗan Kurya Madaro, da ke koyon zane da tsara talla a wata makaranta a Kaura Namoda. Lokacin jihar Zamfara tana sabuwa fil, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba.

Allah ya ba yaron nan hannu wajen zana fuska. In ya zana ka, ko kakarka mai hakiya sai ta gane ka. Allunan shagunan aski da kitso na garin kusan duk aikinsa ne. Shi ma ya san da haka, don tafiyarsa ma ta canza.

Malaminsu, Malam Muhtari, yana da wata al'ada. Duk ƙungiyar da ta sa gasar zane, sai ya kawo sharuɗɗanta ya manna a ƙofar aji. Sha'aibu ba ya ko tsayawa.

"Malam, wagga gasa ta masu koyo ce," in ji shi.

"To kai mi kake yi nan?" Malam ya tambaye shi, yana dariya.

Sai zamani ya juya. Ba wanda ya bi shaguna da sanda, amma masu sana'a da yawa suka ga gara su sauke hotunan mutane daga allunansu, musamman na mata masu kai a buɗe. Sha'aibu ya wuce kasuwa ya ga an shafe fuskokinsa da farin fenti. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Mahaifinsa kuwa bai ɓoye ba. "In zanen ya ƙare, ga gona tana jira. Bayan kaka ka kwaso kayanka."

Sha'aibu yana son babansa, yana son gonar, amma ranar da zai ajiye buroshi ita yake tsoro. Wannan tsoron ne ya kai shi ƙofar ajin da yake rainawa.

Gasar farko ta kwamitin rijiyar burtsatse ce a Zurmi, sharaɗinsu launi ɗaya tak. Ya saba da launi bakwai, ya faɗi warwas. Ta biyu ta direbobin Shinkafi ce, suna son alamar da za a gane daga nesa mota na gudu. Ya cika ta da ƙawa, ya sake faɗuwa.

Amma yanzu in ya faɗi, sai ya je ya tsaya gaban zanen da ya ci, ya yi ta kallo. A na Zurmi ya koyi cewa baƙi da fari sun isa magana. A na Shinkafi ya koyi rage kaya. Girman kan ya fara saɓulewa, ya ma fara jin daɗin abin.

Sai ga gasa ta uku, daga ƙungiyar masu kitso. Shugabarsu Madam Monica ce, 'yar kudu da ta daɗe a Kaura har Hausa ta zauna bakinta. Ita ta zo ajin da kanta.

"'Ya'yana, matan ƙauye ba su karanta boko. Hoto suke nunawa su ce irin wannan. Tun da muka goge hotunan, sai su wuce ƙofa ba su san kitso ake yi ba. Muna son allo ba fuska, ba jikin mace, amma mace ta gani ta gane."

Kitso ba kai? Wasu suka zana mataji da kibiyar tsaga. Sha'aibu ma ya zana, ya duba ya ga kamar shagon sayar da mataji, ya yage.

Da hutun ƙarshen mako ya tafi gida, zuciya ba daɗi. Innarsa ta sa shi hawa kan soro ya shanya barkono. Yana cikin bazawa sai ya leƙa tsakar gida. Ƙanwarsa Kubura na zaune ƙasa, Inna na yi mata kitso.

Daga sama bai ga fuskar Kubura ba. Abin da ya gani da'ira ce baƙa, da layuka sun taso daga gefe sun haɗu a tsakiya, tsaf-tsaf.

"Inna, ki tsaya haka nan! Kubura, kar ki motsa!"

"Yaya, wuyana ya gaji," in ji Kubura. "Mi ka gani bisa kaina, kwarkwata?"

Ya sauko da gudu ya ɗauko takarda ya koma. Shekaru yana zana mata daga gaba, bai taɓa lura cewa mai kitso daga sama take ganin aikinta ba.

Ya sa Inna ta kwatanta masa sauran salon kitso a ƙasa da tsinke. Ya zana da'irori manya, baƙi a kan fari, ba ƙawa ko ɗaya: shuku, kalaba, zanen yawo. Launi ɗayan nan na Zurmi ne, girman da sauƙin na Shinkafi.

Madam Monica ba ta yi alƙalanci a ofis ba. Ta jera allunan a ƙofar shagonta ranar kasuwa, ta koma ciki ta zuba ido. Mata suka riƙa wuce mataji da kibiya. Can sai wata Bafulatana daga Gurbin Bore ta ja birki gaban allon Sha'aibu, ta ɗora yatsa kan da'ira ta biyu, ta leƙa ciki.

"Mai shago, wanga nike so."

Gasa ta ƙare a nan. Aka ba Sha'aibu allunan ƙungiyar gaba ɗaya, masu aski ma suka biyo layi.

Da kaka ta yi, mahaifinsa ya shigo Kaura da buhunan wake, da niyyar su koma tare. Sha'aibu ya kai shi gaban allon. Tsohon ya daɗe yana bin layukan da ido, kamar yadda yake duba gona bayan huɗa.

"Kunyoyin nan sun miƙe," ya ce a hankali. "Ba wadda ta hau wata. Wa ya koya ma?"

"Faɗuwa biyu, Baba, da kan Kubura."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya miƙa masa ƙullin waken da Inna ta aiko, ya hau mota shi kaɗai.

Darasi: Kada gwanintarka ɗaya ta sa ka raina wurin koyo. Sharaɗin da ya ɗaure maka hannu yakan buɗe maka ido, kuma gasar da ka faɗi ba asara ba ce in ka tsaya ka duba dalili. Ka tura wa duk wani mai koyon sana'a da ya fara karaya.