Mai Gadin da Yake Yi wa Fadama Sallama

Akwai wani tsohon mai gadi a wani gandun daji da ake karewa, ana ce masa Baba Mai Sallama. Shekara ashirin yana tuƙa kwale-kwale cikin fadamar gandun, kuma bai taɓa shiga ba sai ya tsaya a baki ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Da aka kawo sabon manaja, ranar farko ya ji shi, ya kwashe da dariya.

"Baba, kwaɗi kake gaisarwa?"

"Gidansu ne, Yallaɓai. Mu baƙi ne."

Dariyar ta yi wa Baba ciwo.

Ana nan sai takarda ta zo. Masu haƙar yashi suna neman fadamar, wai ba sauran tsuntsu a cikinta. Za a turo jami'ar bincike ta kwana uku. In ba ta ga gauraka, tsuntsun da ake kare fadamar dominsa, da idonta ba, shi ke nan, a cire fadamar daga gandu.

Manaja ya ce Baba ya zauna a ƙofar gandu, kada ya kunyata su. Ya samo jirgi mai inji, ya yi ta zagaye da jami'ar. Kwana biyu cur, ko gashin gauraka ba su gani ba. Wane tsuntsu zai tsaya wa wannan rurin inji?

Baba yana ƙofa, yana jiyo su.

Safiya ta uku manaja ya zo, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri."

Baba bai yi masa gori ba. Ya ɗauki gorarsa ta tuƙi, ya zaunar da su a kwale-kwale, ya tura a hankali. A bakin ciyawa ya tsaya.

"Salamu alaikum, masu gida."

Shiru. Can sai ga kan gauraka mai tukku ya leƙo, wani ya biyo baya, 'ya'ya biyu suna bin ƙafafunsu. Ashe muryar suka sani, sun san mai ita bai taɓa cutar da su ba.

Jami'ar ta rubuta abin da ta gani, fadama ta tsira.

Da za su juya, manaja ya cire hularsa, ya dubi ciyawar.

"Mun gode, masu gida. Ku yafe mini."

Darasi: Kada ka raina ɗabi'ar mutum don ba ka gane dalilinta ba. Ladabi, ko ga tsuntsu ka yi shi, ba ya faɗuwa ƙasa. Ka tura wa wani, ko shi ma zai koyi sallama.