Saje Haggai Ba Shi da Komplen

Akwai wata nas a Zuru mai suna Leah. Mace ce mai bin diddigi, in abu ya ɗaure mata kai ba ta sakinsa sai ta ga ƙwal uwar daka.

Asibitin da take aiki yana cikin asibitoci da yawa da aka zaɓa don gwada wani sabon maganin tsinka jini, na mutanen da bugun zuciya ya taɓa kayarwa. Rabinsu ana ba su sabon, rabi kuma tsohon da aka saba da shi. Kwamfuta ce ke rabawa, ko likita bai san wanda ke shan wanne ba.

Can nesa kuma akwai kwamiti mai zaman kansa da ke duba rahotanni. Idan magani yana cutarwa, shi ke da ikon cewa a tsaya. Amma fa kwamitin nan ba boka ba ne, abin da aka rubuta masa shi yake gani.

Aikin Leah ta tambayi kowane mara lafiya: kana haɓo? Dasashinka na jini? Jiri fa?

Aka yi wata shida. Sauran asibitoci suna ta aika rahoton zubar jini nan da can. Zuru kuwa, mutum arba'in da biyu, takardunsu fes, ko ɗigo babu.

Dakta Dominic, mai kula da gwajin, sai kai ya kumbura. An yaba masa, har an gayyace shi taro a Abuja.

"Jinin mutanen Zuru daban ne," haka yake gaya wa kowa.

Abin bai kwanta wa Leah ba. Ita ma 'yar Zuru ce, ta san jininsu ja ne kamar na kowa. Ta ɗauko takardun tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai ta lura da wani abu: mafi yawansu tsofaffin sojoji ne 'yan fansho.

Ranar Talata Saje Haggai ya zo. Shekararsa saba'in da huɗu, amma takalminsa sai ƙyalli yake. Da likita ya shigo ya miƙe zumbur ya ƙame.

"Baba, yaya jiki?"

"Ba komplen, sa!"

Dakta ya yi murmushi ya fita. Leah kuwa leɓen tsohon take kallo, ya yi fari fat. Da ya zo zama sai da ya dafa bango.

Ta leƙa taga, ta hango matarsa Saloma a bakin famfo tana cuɗa hankici. Ruwan da ke zuba ja ne. Ta fita da sauri.

"Mama, jinin mene ne wannan?"

Saloma ta waiga hagu da dama. "'Yata, kar ki ce ni na faɗa. Haɓo ne, kullum da safe. Bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, yau sati biyu."

"Me ya hana shi faɗa?"

"Wa? Haggai? Mutumin da ya yi shekara bakwai yana noman golmo, noman neman aure, a gonar babana kafin a ba shi ni, kunama ta harbe shi a kunyar gona bai ce uffan ba? Ya ce ya sa hannu a takarda, soja kuma in ya sa hannu ba ya gudu. Wai kar ya ɓata wa ofisa aiki."

Leah ta tafi wurin Dakta Dominic ta gaya masa. Ya haɗe rai.

"Takarda ta ce a tambayi mara lafiya. Mun tambaya, ya ce babu. Idan kika rubuta wannan yanzu, za a ce ɓoyewa muke yi tun farko. Kina so a rufe mana gwajin, ke ma ki rasa aikinki?"

"Yallaɓai, ba ɓoyewa muka yi ba, tambayar ce ba mu iya ba. Kuma takardunmu masu tsabta suna rufe wa kwamiti ido."

Tsoro ta ji, ba ƙarya. Amma leɓen tsohon nan ya ƙi barin idonta. Ta koma ta ja kujera kusa da shi.

"Baba, in tambaye ka. Sojan da aka sa gadi, ya hango abokan gaba suna tahowa, ya yi shiru don kar ya tashi ofisa daga barci, me sunansa?"

Tsohon ya zaro ido. "Maci amana! Ai ya kashe 'yan uwansa."

"To kai ma gadi aka sa ka. Dubban mutane suna shan maganin nan, wasu jira suke a ba su. Abin da jikinka ya gani shi ne rahoto. Kuma takardar da ka sa wa hannu ba ta shiga soja ba ce. Ranar da ka ga dama za ka iya fita, babu mai hana ka magani."

Tsohon ya yunƙura zai miƙe ya ƙame, ƙafa ta ƙi. Daga zaune ya sara mata, ya zayyana komai.

Da aka auna jininsa, ya yi ƙasa sosai. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu. A ranar Leah ta aika rahoto kamar yadda doka ta ce.

Daga kan gado Saje Haggai ya dinga kiran abokansa a waya, yana ba su oda su zo su faɗi gaskiya. Suka zo da matansu. Mutum tara aka samu da zubar jini. Kwamiti ya haɗa da na sauran asibitoci, ya buɗe sirrin wanda ke shan wanne, ya dakatar da sabon maganin ga tsofaffi.

Mutum ɗaya ne bai amsa kira ba, Kofur Philemon na garin Danko. An binne shi kwana goma kafin nan. Dakta Dominic ya ɗauko takardarsa ta ƙarshe, ya ga abin da shi kansa ya rubuta da hannunsa: lafiya ƙalau. Bai je Abuja ba. Garin Danko ya tafi ta'aziyya, ya dawo ya nemi gafarar Leah a gaban kowa.

Bayan wata guda Saje Haggai ya dawo. Wannan karon kujera biyu aka ajiye, ɗaya ta Saloma. Dakta ya zauna, ya ce, "Baba, yaya jiki?"

Tsohon ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya dubi Leah.

"Akwai komplen, sa. Guda uku. Kawo biro."

Darasi: Jarumta ba ita ce ɓoye ciwo ba, kuma sakamakon da ya yi kyau fiye da kima a bincike shi kafin a yi taƙama da shi. Wanda ya shiga gwajin magani yana da 'yancin tambaya, da faɗin abin da yake ji, da fita in ya so. Shirunka na iya kashe wanda ba ka taɓa gani ba. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho mai cewa "ba komai" a gida.