Gyaɗa Ashirin da Ɗaya

Akwai wani mutum mai noman rani a bakin kogi. Yana zaune da matarsa, da mahaifiyarsa wadda ta tsufa, da ɗansa guda ɗaya mai shekara huɗu, sunansa Sila. Kowace safiya yakan ɗora yaron a kan jaki su tafi lambu tare, ba kuwa abin da Sila yake so a duniya kamar wannan hawa.

Wata rana uwar yaron tana yi masa wanka, sai ta ga jakar marainansa ta kumbura ta gefe ɗaya. Ba ya jin zafi. Da safe kumburin yakan ragu, da yamma ya cika. Kunya ta sa suka ɓoye, kada maƙwabta su ce ɗansu yana da gwaiwa. Kakar ta jiƙa saiwoyi, ta shafa magani. Kowace safiya takan ce, "Kun gani, ya sace." Kowace yamma kuwa sai ya dawo. Haka aka yi har wata biyar. Sa'an nan mutumin ya ce ɓoyon ya isa, ya ɗauki ɗansa zuwa asibiti.

Likita ya haska wurin da tocila, ya ce ruwa ne. Ya ce, "Akwai 'yar hanya daga ciki zuwa nan. Ya kamata ta rufe tun yana jariri, ba ta rufe ba. In ya yini a tsaye ruwa ya gangaro, in ya kwanta ya koma. Za mu sa shi barci, mu tsaga kaɗan a ƙasan mara, mu ɗaure hanyar." Mai lambun ya gane nan take, gama kullum aikinsa ke nan, buɗe hanyar ruwa da toshe ta.

Ranar aiki aka hana yaron ci da sha. Uban ma bai sa komai a baki ba. Da Sila ya tambaye shi ko za a ji zafi, bai yi masa ƙarya ba. Ya ce, "In ka farka za ka ji kaɗan. Ni za ka fara gani." Haka kuwa ya zama.

Kafin a sallame su, likita ya gargaɗe shi. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin sai ya kama. Kada a shafa komai. Kada yaro ya hau jaki ko wani abin da zai buɗe ƙafa a kai, har mako uku. Wurin zai ɗan kumbura, kada su tsorata. Amma in zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi ja yana fid da ruwa, su komo ba jinkiri.

Da suka isa gida, mutumin ya ƙirga gyaɗa ashirin da ɗaya ya zuba a 'yar ƙwarya. Ya ce wa ɗansa, "Kowace safiya ka ci ɗaya. Ranar da ƙwaryar ta zama wofi, za ka hau jaki."

Kwana biyar komai ya tafi daidai. Uwar tana goge masa jiki da jiƙaƙƙen tsumma, tana kauce wa ɗinkin, tana ba shi magani a kan lokaci. A rana ta shida ta tafi niƙa. Mutumin ya dawo daga lambu da hantsi, sai yaron ya taryo shi da ƙwarya a kife.

"Baba, kwanakin sun ƙare. Na cinye su."

Kakar tana bakin murhu tana dariya. Ga tukunyar ruwa tana tafasa, ga tsumma, ga man kaɗanya a kasko. Ta ce, "Maigidan nan nawa ya fi ka wayo. Dubi yadda yake tsalle. Saura kumburin nan kawai. Zan gasa masa wurin in shafe da mai, da yamma ka ɗora shi a jakinsa, na riga na yi masa alkawari."

Mutumin nan bai taɓa ce wa mahaifiyarsa a'a ba tunda aka haife shi. Ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba za a gasa ba. Ba zai hau ba kuma."

Dariyarta ta ɗauke. Ta ce, "Da hannun nan na gasa cibiyarka. Ka mutu ne?"

Yaron ya fashe da kuka, yana birgima. Uban ya ɗauke shi ya riƙe a ƙirji don kada ɗinkin ya motsa, bai kuwa canza maganarsa ba. Da matar ta dawo, ya ba ta yaron, ya roƙi mahaifiyarsa ta raka shi lambu. Ta bi shi.

A lambun ya nuna mata inda ya toshe wata hanyar ruwa da laka a safiyar nan. Saman lakar ya yi fari, ya bushe. Ya ce, "Inna, taka nan."

Ta ce, "In taka ruwa ya ɓalle ya cinye maka albasa? Sama ce ta bushe, ciki ɗanye ne."

Ya ce, "Haka Sila yake."

Tsohuwar ta daɗe tana duban lakar. Da suka koma gida, ta juye ruwan zafin ta wanke kwanoni da shi. Ta ƙirga gyaɗa goma sha biyar, ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce wa jikan, "Ɓarawon miji, daga yau a hannuna za ka karɓa, ɗaya-ɗaya."

Yaron bai daina kukan jaki ba. Saboda haka uban ya kai jakin gidan ƙanensa, ya riƙa tafiya lambu a ƙasa, yana ɗauko kaya a ka. Mutane suna tambayarsa ko ya sayar da jakin ne, yakan ce, "Yana hutawa, ɗana na jinya." Ya daina ɓoye abin da ya sami yaron. Kumburin ya yi ta raguwa a hankali. Ranar da kakar ta kwance gyaɗa ta ƙarshe, suka koma asibiti, likita ya duba ya ce hanyar ta rufe, ɗinki ya warke. Kashegari Sila ya hau jaki. Ruwan kuwa bai ƙara dawowa ba.

Ga ma'anar wannan misali. 'Yar hanyar nan ita ce ƙofar da muka bari a buɗe a cikin zuciya, inda zunubi yake bi. Ranar Lahadi da safe yakan sace, mu ce mun warke, kafin yamma ya cika. Kunya kan sa mu ɓoye, mu yi ta shafe-shafe daga waje. Mai Cetonmu shi ne likitan, aikinsa kuwa a can ciki yake yinsa.

Mako ukun nan su ne kwanakin da ke bayan tuba. A nan da yawa muke faɗuwa, gama zafi ya tafi, sai mu ɗauka an gama. Wanda ya bar shan giya jiya ya koma zama a inda ake sha. Wadda ta bar gulma ta koma tsohuwar tabarmarta. Allah yana ba da kwanaki ɗaya-ɗaya ne, ko ka cinye gyaɗar a zama ɗaya, ba ka rage ko yini ba.

Kakar ba maƙiyiya ba ce. Sau da yawa mai ƙaunarka ne zai ce, "Ai ka warke." Ka amsa masa da ladabi, a durƙushe in ta kama, amma kada ka saki abin da aka umarce ka.

Ku iyaye, in kun ga kumburi irin wannan a jikin yaro, ba abin kunya ba ne, ku kai shi asibiti. In kun hana shi abu don lafiyarsa, ku ɗauki rabonku na wahalar, kamar mutumin da ya tafi lambu a ƙasa. Ku yara kuma, in an ce ku jira, ba ƙinku aka yi ba.

Kowa ya tambayi kansa yau: ina ne na toshe kwanan nan, wanda samansa ya bushe amma ciki ɗanye ne? Kada ka taka wurin, kada kuma ka bar wani ya taka. Ubangiji ya ba mu ƙarfin tsayawa har gyaɗa ta ƙarshe. Amin.