Takwarar 'Yar Tasalla

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau shari'a na kawo muku.

Tasalla 'yar Gumel ce. Tana amarya ta sami gurbin karatu a wata ƙasa mai ƙanƙara, can ƙetaren teku. Mijinta Sallau ya ce ta je, Allah ya tsare. Sai dai bizar ɗalibi aron tabarma ce, ana gama karatu ake naɗe ta. Ita kuwa so take ta sami izinin zama na dindindin, ta ɗauko mijinta.

Tun kafin ta tashi, yayarta Uwani ta zaunar da ita. Da ma zane-zanen kaya Tasalla ta nufa, amma Uwani ta yi bincike ta gano ma'aikatan jinya ƙasar ke nema ruwa a jallo. "Jinya za ki karanta," in ji ta. "Inna kuwa ki bar min ita." Haka ta kwaso mahaifiyarsu mai shanyewar ɓarin jiki zuwa ɗakinta, ba ta taɓa bugo waya da ƙorafi ba.

A makaranta Tasalla ta haɗu da Rakiya, Badamagariya. Ita ta faɗa mata cewa mai jin Faransanci yana shiga gaban layin masu neman izinin zama. Tasalla ko gaisuwa ba ta iya ba. Rakiya ta sa ta gaba, a bas, a kicin, har ta yi rantsuwar ba za ta ƙara yi mata Hausa ba sai ta ci jarrabawar Faransanci. Tasalla ta faɗi, ta yi kuka, Rakiya ta ce, "Share hawayenki, mu koma." A karo na biyu ta haye.

Aka gama karatu, saura aiki, don ba a ba da izinin sai mutum ya yi aiki a ƙasar. Duk inda ta je sai a ce ba ta da gogewa. Biza na dab da ƙarewa, har ta fara ɗaure kaya, sai labarinta ya kai ga Hajiya Lantana, mutuniyar Zangon Kumasi, mai kula da gidan tsofaffi a wani ƙaramin gari. Ba ta taɓa ganinta ba, ta ce, "'Yata, taho gobe." Ta ɗauke ta aiki, ta kuma tsaya mata a gaban hukuma.

Izini ya fito. Sallau ya iso yana rawar ɗari yana dariya. Shekara na zagayowa Allah ya ba su 'ya mace.

Sallau ya ce, "Wahalar taki ce, ke za ki zaɓi suna."

Tasalla ta dubi jaririyar, farin ciki fal ranta, amma mata uku ne suka faɗo mata. Duk wadda ta tuna, sai sauran biyun su tsaya mata a rai. Ga suna ya matso, an riga an sayo rago.

To, Uwani, Rakiya ko Hajiya Lantana, wacce ta fi cancanta a yi mata takwara?